Yadda ake canza wayar wutar kwamfutar tebur da gwada fawa fak ɗinta

Kwanaki wani dattijo mai shagon buga takardu a Yalwa ya ɗauko kwamfutarsa a Keke Napep har shagona da ke wajen Wunti a Bauchi. Ya dire ta a kan benci yana share gumi, ya ce, "Ɗana, wannan karon kam ta ƙone, ko ƙyaftawa ba ta yi." Na ce, "Baba, ina wayarta?" Ya ce, "Ai waya lafiyarta ƙalau, can na baro ta." Na jawo wayar da nake gwaji da ita na jona, na danna maɓalli, sai ga fanka ta tashi. Da aka je aka ɗauko tasa wayar, ashe fis ne ya tsinke a cikin fulogi. Kuɗin Keken da ya biya ya fi kuɗin fis ɗin.

Shi ya sa idan kwamfuta ta ƙi kunnuwa nake bin wutar tun daga bango: soket, sannan waya, sannan akwatin da ke rarraba wuta a cikin kwamfutar, wanda mu masu gyara muke kira fawa fak. Aikin wannan akwati shi ne ya karɓi wutar gida mai bolt 230 ya sauke ta zuwa 12 da 5 da 3.3, waɗanda su ne abincin kayan ciki. Abin da za ka buƙata daga ilimin lantarki ke nan.

Kayan aiki

Ka tanadi wata wayar wuta da ka tabbatar tana aiki, da mitar gwajin wuta irin ta dijital, da sukundireba mai baki huɗu da ƙaramar mai baki ɗaya, da kilif ɗin takarda na ƙarfe wanda ba a lulluɓe da roba ba, da baƙin tef, da fis na fulogi mai amfiya 5. Buroshin fenti busasshe yana da amfani saboda ƙura. Ka ajiye wayar hannunka kusa don ɗaukar hoto kafin ka cire komai.

In ba ka da mita, kada ka fasa. Fitila ko cajar waya ta isa gwada soket, musanyar waya ta isa gwada waya, kilif kuma zai nuna maka ko fawa fak yana tashi. Abin da ba za ka sani ba sai da mita shi ne ko wutar da yake bayarwa daidai take.

Gargaɗi ɗaya tun yanzu: a duk wannan aiki ba a buɗe cikin fawa fak ɗin kansa. A cikinsa akwai manyan kafasito da ke riƙe wuta sama da bolt 300, kuma suna iya riƙe ta bayan an cire waya daga bango. Duk gwajin da zan nuna maka daga waje ake yin sa.

1. Fara da soket

Zare fulogin kwamfutar, ka jona wani abu da ka san yana aiki a wannan ramin dai, ba na kusa da shi ba. Yawancin shagunanmu da ekistenshin ake aiki, kuma sau tari rami ɗaya ne ya saki ko ya narke ta ciki alhali sauran suna kawo wuta. In akwai sitabilaiza ko UPS (akwatin batir da ke riƙe wuta in an ɗauke) a tsakani, tsallake su ka kai fulogin bango kai tsaye. UPS mai mataccen batir yakan hana wuta wucewa, mutum ya yi ta zargin kwamfuta.

In kana da mita, juya ta zuwa wutar gida, wato V mai lanƙwasasshen layi a gefe, a kan 600 ko 750. Wutar Najeriya bolt 230 ce a ƙa'ida. Fawa fak mai makunnin zaɓi da aka saita a 230 an yi shi ne ya yi aiki daga wajen 180 zuwa 265. Idan wutar unguwarku ta yi ƙasa da haka, irin wadda ƙwan fitila ke yin ja kamar garwashi, kwamfuta tana iya ƙin tashi ko ta riƙa mutuwa tana dawowa, ba laifin waya ba kuma ba na fawa fak ba. Sai dai sitabilaiza ko a jira wuta ta gyaru.

2. Leƙa bayan kwamfutar

Kusa da inda waya ke shiga, wasu fawa fak suna da baƙin makunni mai alamar I da O. I ne a kunne. Masu shara da yara sukan taɓa shi ba su sani ba. Ka kuma danna kan wayar ciki sosai, domin tana iya zamewa rabi ta tsaya kamar tana ciki.

Sai wani ɗan jan makunni da ke lafe a jikin ƙarfen, an rubuta 115 da 230. Ba kowane fawa fak ke da shi ba, na zamani da yawa suna daidaita kansu daga 100 zuwa 240. Amma in yana nan, dole lambar da ke bayyane ta zama 230. Wannan ɗan abin ya taɓa ja mini asara ina yaron shago. An kawo mana kwamfutoci 'yan kwatano da suka fito daga Amurka, inda wutar gida take wajen bolt 120, maigidana ya ce in gwada su ɗaya bayan ɗaya. Ta farko ina jonawa sai ji na yi fau, hayaƙi ya turnuƙe, warin ƙonannen roba ya cika shago. Maigida bai ɗaga murya ba, ya dai nuna mini jan makunnin da bakin sukundireba ya ce, "Kai, idonka na ado ne?" Tun daga ranar, duk kwamfutar da ta shigo hannuna sai na juya bayanta kafin in nemi soket. In ka tarar da shi a 115, cire waya tukuna sannan ka tura shi zuwa 230.

3. Gwada tsohuwar waya

Cire ta daga bango da kuma kwamfuta, ka bi ta da yatsu daga wannan kai zuwa wancan. Nemi inda ɓera ya ci, inda ƙafar kujera ta murƙushe, da wuyan fulogi inda ta fi lanƙwasa. Shinshina kan da ke shiga kwamfuta. In ramukan sun yi baƙi ko robar ta narke, an gama magana, a yar da ita. Kada a naɗe da tef a ce za a lallaɓa.

Hanya mafi sauƙi ita ce musanya. Yawancin monita da firinta na ofis irin wannan waya suke amfani da ita, mai ramuka uku, wadda a takardar kaya ake rubuta C13. Ɗauki ta monita ka sa wa kwamfuta. In ta tashi, ka kama ɓarawonka. Wayar butar lantarki ma tana shiga in an rasa, amma ta laftof mai kai kamar ganye uku ba ta shiga, kada ka tilasta.

Da mita kuwa, juya ta zuwa alamar ƙara, ka haɗa bakunan biyu ka ji ta yi tsiwa. Ɗora baki ɗaya a kan doguwar ƙafar fulogi, ɗayan a ramin tsakiya na ɗaya kan. Ya kamata ta yi ƙara. Wannan ita ce wayar ƙasa, wadda masu wayarin ke kira at. Sauran ƙafafu biyun, kowacce ta yi ƙara da rami guda tak. Ƙafar da ba ta yi ƙara da ko ɗaya ba ta tsinke. Wadda ta yi da ramuka biyu, wayoyi sun haɗe a ciki, kuma wannan ta fi haɗari. In bakin mita ya ƙi kaiwa ga ƙarfen da ke cikin ramin, zura kilif a ciki ka taɓa kilif ɗin, amma fa sai waya ba ta jone da bango. Kana gwadawa kana lanƙwasa wayar a wuyanta biyu. Ƙarar da ke ɗaukewa tana dawowa alama ce ta tsinkewar ciki, irin wadda ke sa kwamfuta ta mutu duk lokacin da aka motsa tebur.

In ƙafa ɗaya ce ta yi shiru, kafin ka yar da wayar duba fis. A fulogi mai ƙafa uku irin namu yana ƙarƙashin wani ɗan murfi tsakanin ƙafafun, ko a ciki in fulogin mai sukuru ne. Ɓanɓaro shi ka gwada kansa biyu da mita. In ya mutu sa sabo. Mai amfiya 5 yana ɗaukar sama da wat 1,000, ya wadaci kwamfutar ofis. Abin da na fi gani a wayoyin da ake kawo mini shi ne an naɗe mataccen fis da zaren waya ko takardar azurfa ta kwalin taba. Wuta za ta wuce, ba shakka, amma ranar da wani abu ya haɗe a ciki babu mai tsinkewa sai wayar kanta ta kama. Idan kuma ka sa sabon fis ya sake tsinkewa nan take, daina sawa. Fawa fak ne ya haɗe ta ciki, wuce kai tsaye zuwa mataki na 8.

4. Zaɓen sabuwar waya da jona ta

A nan ne ake cutar mutane, domin waya mai kyau da ta banza kamanninsu ɗaya a rataye. Karanta rubutun da ke jikin robar: ka nemi 3 x 0.75mm ko 3 x 1.0mm, wato wayoyi uku ne a ciki da kaurin kowacce. Rubutu kaɗai bai isa ba, don akwai masu buga ƙarya. Ɗaga ta a hannu. Mai jan ƙarfe na gaske tana da nauyi kuma tana lanƙwasa a hankali, ta bogi shafal take kamar igiyar shanya. Duba ko fulogin yana da gurbin fis na gaske, kuma doguwar ƙafar ta zama ƙarfe, ba roba ba. Ni in zan saya a kasuwa da mitata nake zuwa, in gwada ƙafar at a gaban mai kaya, domin na sha yanka sabuwar waya in tarar zare biyu ne kawai a ciki. Sau da yawa tsohuwar waya ta asali da ta zo da kayan kwatano ta fi sabuwa fil a leda.

Akwai wayoyi masu ƙafa biyu zagayayyu irin na Turai, da ake danna ramin sama da tsinke a cusa su. Kwamfuta za ta kunnu, sai dai ba ta da at, shi ya sa wani lokaci in ka taɓa jikinta ba takalmi take ɗan fizgarka. In irinta kaɗai gare ka, yanke kan ka ɗaura fulogi mai ƙafa uku: waya mai ruwan ƙasa ta tafi ƙafar da ke da fis, shuɗiya ta tafi ɗaya gajeriyar ƙafar, mai kore da rawaya ta tafi doguwar. Ka matse sukurorin, kada ka bar ko zare ɗaya a waje.

Wajen jonawa, fara da ɓangaren kwamfuta, sannan bango, sannan ka kunna soket. Bayan ta yi aiki na kamar rabin awa taɓa fulogin da wayar. In sun yi zafi, ko dai wayar siririya ce ko soket ɗin ya saki. In da janareto kake aiki, bari ya daidaita muryarsa tukuna kafin ka jona kwamfuta.

In sabuwar waya ba ta tayar da ita ba, sai a shiga ciki.

5. Buɗe kwamfutar

Cire waya daga bango, danna maɓallin kunnawa ka riƙe na daƙiƙa goma don ragowar wuta ta fita. Kwance murfin gefe. Taɓa ƙarfen jikin akwatin kafin ka taɓa komai a ciki, musamman da hunturu lokacin da jiki ke tara wutar da ke tartsatsi in ka taɓa ƙofar mota. Ɗauki hoto.

Yanzu zare duk wayoyin da suka fito daga fawa fak: babban kai mai ramuka 24 da ke kan madabod (babban allon da kayan ciki ke kai), ƙaramin mai 4 ko 8 da ke kusa da furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar), da na hadis (ma'ajiyar bayanai) da na faifan CD. Kowanne yana da ɗan harshe da ake dannawa kafin a ja. Kama kan robar ka riƙa girgizawa a hankali, kada ka ja ta wayoyin. Babban yakan yi taurin kai.

Haska tocila ta ragar fawa fak ɗin ka gani. Ƙurar Bauchi ba ta da wasa, daga Disamba zuwa Fabrairu takan yi kirtani a fanka har ta tsaya, sai kuma zafin Maris da Afrilu ya zo ya ƙarasa aikin. Na taɓa leƙa wani na hango tsaka ta bushe a kan allon ciki, ita ta haɗa wutar. Share abin da buroshi zai iya kaiwa daga waje. In da bulowa za ka hura, tokare fankar da tsinke kada iska ta juya ta fiye da kima.

6. Gwajin kilif

Fawa fak ba ya tashi sai madabod ta ba shi izini, kuma izinin shi ne ta haɗa koriyar waya da baƙa. Mu za mu yi wannan da hannu. A babban kan nan mai ramuka 24, koriyar waya guda ɗaya ce tak, kuma akwai baƙaƙe a gefenta. Miƙe kilif ka lanƙwasa shi kamar harafin U, ka naɗe tsakiyarsa da tef, ka zura ƙafa ɗaya a ramin koriya, ɗayar a ramin baƙa. Duk wannan waya ba ta jone. Ajiye kan a inda kilif ba zai taɓa ƙarfe ba, sannan ka jona waya ka kunna.

In fanka ta juya, fawa fak yana tashi. In ta yi motsi kaɗan ta tsaya, ko dai yana kare kansa daga wata matsala a cikinsa, ko kuma irin tsofaffin nan ne da ba sa ci gaba da aiki sai da kaya a kansu. Cire wuta, jona masa tsohon hadis ko fankar akwati, ka sake gwadawa. Wasu masu tsada kuma da gangan fankarsu ba ta juyawa sai sun ɗauki zafi, don haka shirun fanka kaɗai ba hukunci ba ne, mita ce za ta raba gardama.

In duk wayoyin baƙaƙe ne ba launi, riƙe kan ramukan suna kallonka, harshen yana sama. A layin sama ƙirga daga hagu: na huɗu shi ne na koriya, na biyar na baƙa. A yawancinsu rami na takwas a wannan layi fanko ne ba ƙarfe, da shi za ka tabbatar ba ka juya ba.

Hattara da ƙananan kwamfutocin ofis na Dell da HP da suka cika kasuwa yanzu. Da yawansu ba su da kai mai 24, nasu mai 6 ne ko 8, kuma tsarin wayoyinsu na kamfanin ne. Kada ka yi cankar rami da kilif a irinsu. Da yawa daga cikin Dell OptiPlex suna da ɗan maɓalli da ƙaramar fitila a bayan fawa fak: ka danna, in fitilar ta kawo kore fanka ta juya, yana da rai. In babu wannan, sai gwaji da wani fawa fak irinsa sak.

7. Auna wutar

Kilif yana ciki, fawa fak yana aiki. Juya mita zuwa V mai miƙaƙƙen layi, a kan 20. Baƙin bakin mita ya shiga ramin kowace baƙar waya ya zauna, jan bakin ya riƙa zagayawa.

Rawaya bolt 12 ce, an yarda daga 11.4 zuwa 12.6. Ja bolt 5 ce, daga 4.75 zuwa 5.25. Mai ruwan lemo 3.3 ce, daga 3.14 zuwa 3.47. Shuɗiya za ta nuna 12 da alamar ragi a gaba, ita an fi yi mata sassauci. Mai ruwan toka ita ce ke gaya wa madabod wuta ta daidaita, in ta nuna sifili alhali sauran suna daidai, kwamfuta ba za ta tashi ba ko da fanka tana juyawa.

Akwai kuma shunayya, wadda na fi so a cikinsu. Ita tana ba da bolt 5 da zarar an jona waya a bango, ko ba kilif. Da ita madabod ke jiran ka danna maɓalli. In ka auna ta ka ga babu komai bayan ka tabbatar da waya da soket, ba sai ka wahalar da kanka da sauran ba, fawa fak ya tafi.

Kuskuren da sababbin hannu suka fi yi a nan shi ne barin jan bakin mita a ramin auna amfiya, mai alamar 10A. In ka taɓa rawaya da baƙa a haka, ka haɗa wuta ke nan da hannunka. Duba inda ka soke shi kafin ka fara. Kuma kada bakin mita ya zame ya taɓa ramuka biyu lokaci guda.

Lambobi masu kyau ba kaya a kai ba su gama wanke fawa fak ba. Jaki ma lafiya lau yake tafiya in ba a ɗora masa buhu ba. Cire wuta, zare kilif, mayar da duk wayoyi bisa hoton da ka ɗauka, ka kunna kwamfutar. Nemi kan waya mai manyan ramuka huɗu da ba a amfani da shi, ka auna rawaya da ja tana cikin aiki, ka buɗe bidiyo ko wani abu mai nauyi. In 12 ta faɗo ƙasa da 11.4, ko lambar tana tsalle, shi ne dalilin da ya sa take mutuwa da kanta ana tsakiyar aiki.

Idan kuwa komai ya fito daidai amma ta ƙi tashi, saura maɓallin gaba. Bi siririyar wayarsa zuwa madabod, inda aka rubuta PWR SW, zare ta, ka taɓa ƙusoshin biyu tare da bakin sukundireba na daƙiƙa ɗaya. In ta tashi, maɓalli ne ya lalace. In ba ta tashi ba, matsalar tana kan madabod, wannan kuma wani karatun ne.

8. In ya tabbata ya mutu

Sukurori huɗu ne ke riƙe da shi ta baya. Kwance su, zaro shi, ka tafi da shi kasuwa a hannu don a gwada girma da kawunan wayoyi, musamman in kwamfutar siririya ce. Duba wat ɗin da ke jikin takardarsa ka sayi daidai da shi ko sama. Kada babbar lamba ta ruɗe ka: wanda aka rubuta wa wat 650 amma ba shi da nauyi a hannu, na asali mai 300 ya fi shi. In irin wanda wayoyinsa ke cirewa ne daga jikinsa, yi amfani da wayoyin da sabon ya zo da su kawai, domin na wani kamfani suna iya shiga ramin amma tsarinsu daban, su ƙona hadis.

Kafin ka biya, sa mai kaya ya jona shi, ka yi masa gwajin kilif ka auna rawaya da ja a nan gabansa. In ka dawo, duba jan makunnin nan na baya, ɗaura sukurori, mayar da babban kai har sai ka ji harshensa ya ce ƙas, kada ka manta da ƙaramin na kusa da furosesa, don in babu shi fanka za ta yi ta juyawa monita kuwa ba za ta nuna komai ba. Kunna ta murfi a buɗe, ka ga duk fankoki suna juyawa, ka bar ta ta yi aiki na ɗan lokaci kana saurare kana shinshinawa, sannan ka kashe ka rufe.